Gwangwanin Kwabo Ɗaya da Takalmin da Ba Ya Shan Mai

A farkon shekarar 2023 jaridun Ingila suka yi ta yayata wani labari da mutane da yawa suka ɗauka abin raha ne: kamfanin SC Johnson na Amurka, mai man takalmin Kiwi, ya daina kai shi kantunan ƙasar. Hujjarsa ita ce Turawan Ingila sun rage goge takalmi. Wasu tun lokacin korona daga ɗakunansu suke aiki, masu fita kuma sun koma sa kambas har ofis. Nan take masu sharhi suka rabu gida biyu. Dattawa suka ce lalacin 'yan zamani ne, yaro ba zai iya sunkuyawa minti biyar ya gyara abin da zai sa a ƙafarsa ba. Matasa suka ce Allah ya raka taki gona, dama gugar takalmi al'adar masu sarauta ce da sojoji, ba wanda ya taɓa ƙoshi da ƙyallin takalmi.

Duka biyun ban yarda da su ba. A ganina hannun mutane bai mutu ba. Takalmin ne ya canja, kuma wanda canjin ya fi cuta shi ne talaka, mai sawa da mai gogewa.

Bari in fara gyara wani kuskure da ni ma na daɗe ina yi. A wajenmu duk man takalmi sunansa kiwi, kamar yadda duk garin sabulu yake omo, duk ɗunƙulen miya yake magi. Shi ya sa na tashi ina zaton Kiwi ɗan Ingila ne. Ashe a Melbourne ta Ostireliya aka fara yin sa a 1906. Wani William Ramsay ne ya kafa shi, ya laƙaba masa sunan tsuntsun nan na New Zealand da ba ya tashi sama, domin matarsa 'yar can ce. Ɗan asalin Ingila, wanda ya fito shekara ɗaya da Kiwi kuma har yau a can ake haɗa shi, sunansa Cherry Blossom, wato furen itacen ceri. Tarihinsa ne nake so mu bi, don a cikinsa hujjata take.

Kafin zuwansa, abin da ake shafa wa takalmi a Ingila wani baƙin kwaɓi ne. A sami baƙin ƙonannen ƙashi ko kunkunniyar fitila, a haɗa da kitse ko mai, a zuba maɗin rake da ruwan tsami, a ɗura a kwalba ko tulun yumɓu. Yana baƙanta takalmi kam, amma yana bin bakin wando da gefen rigar mata, kuma da ruwa ya taɓa shi sai ya dishe. Sana'ar ma ta wahala ce. A 1824 wani yaro ɗan shekara 12 ya shiga aiki a ma'ajiyar Warren da ke bakin kogin Thames, wurin da ɓeraye suka yi wa katutu, yana ɗaure bakin tuluna yana manna musu takarda a kan sule shida a mako, mahaifinsa kuwa yana kurkukun Marshalsea saboda bashi. Yaron nan shi ne ya zama marubuci Charles Dickens, kuma kunyar wannan aiki ta bi shi har ya ɓoye wa 'ya'yansa. A 1851 kuma, shekarar babban baje kolin Landan, wani lauya John MacGregor, da goyon bayan Lord Shaftesbury, ya tattara yaran makarantun marasa galihu ya ba su jajayen riguna da akwati da burushi, suka zauna a bakin titi suna goge wa baƙi takalmi a kan kwabo. Ana cire wani kaso na cinikin a ajiye wa kowane yaro a banki. Akwatin katakon da ɗan shushaina yake ƙwanƙwasawa a layinku ya girmi kakan kakansa.

To, a unguwar Chiswick da ke yammacin Landan, wadda mutanenta ke kira Cizik, akwai wasu 'yan'uwa biyu, Dan Mason da Charles Mason, masu kamfanin sabulu. Labarin da ake bayarwa a unguwar shi ne, idan sun yanka gwangwanayen sabulu daga fallen ƙarfe, akan sami ragowar da ba ta isa komai ba sai ƙaramin abu, suka zauna tunanin me za a zuba a ƙaramin gwangwani ya sayu. Suka ɗauko masanin haɗa sinadarai ya yi musu mai na kaki, wanda ba ya bin tufafi. A 1906 suka fitar da shi da sunan Cherry Blossom a kan kwabo ɗaya.

Kwabon nan shi ne gaba ɗayan zancen. A Ingila ta wancan zamani, da an dubi ƙafarka an san gidan da ka fito. Gidan mai hali yana da yaro na musamman wanda ba shi da aiki sai takalma: ya tashi kafin kowa, ya kwashe su daga bakin ƙofofin ɗakuna, ya kankare taɓo da kashin doki, ya shafa, ya goge, ya mayar kafin maigida ya farka. Akawu fa? Malamin makaranta, mai jiran kanti, ɗan sandan kan titi, saurayin da zai je neman aiki? Su ba su da yaro. Takalmi ɗaya gare su, da shi za a je aiki, da shi za a je coci, da shi za a je jana'iza. Gwangwanin kwabo ya ba irin waɗannan abu biyu a lokaci guda: su shiga taro ba a gane su daga ƙafa ba, kuma takalmin nasu ɗaya ya ƙara shekaru.

Na biyun nan ne mutane ke mantawa, don ƙyalli ya fi ɗaukar ido. Fata abu ce da ta taɓa rayuwa. In ta bushe sai ta tsage daidai inda yatsu ke lanƙwasawa, in ta sha ruwa sai ta kumbura ta ruɓe. Man takalmi ba komai ba ne illa kaki da rini da wani ruwa mai saurin tashi wanda ke narkar da su. Ka shafa, ruwan ya bi iska, shi ne ƙanshin nan da duk wanda ya yi makarantar kwana ba zai manta ba, kakin ya zauna a jikin fata. Burushi ya zo ya ɗumama shi ya baje shi, ya toshe ƙofofin da ruwa zai shiga. Kaki mafi tauri da masu wannan sana'a ke nema daga ganyen wani irin giginya na arewa maso gabashin Brazil ake kankaro shi, ana ce masa carnauba. Sheƙin da ake gani shaida ce kawai cewa an rufe fatar. Duk baduku ya san wannan ba sai an kawo masa littafi ba, shi ma ai yana ba fata mai.

'Yan'uwan nan sun iya talla. A 1911 suka kama filin baje koli na Crystal Palace na yini guda, suka ce duk wanda ya zo da murfin gwangwanin Cherry Blossom ya shiga kyauta. Ka ga sai kowane gida ya sayi gwangwani ko don yara su je kallo. A 1924 aka maƙala wa gwangwanin ɗan ƙarfen nan na gefe da ake murɗawa murfi ya ɗago. Abin kamar ba komai ba, amma murfin man takalmi dole ya kama gam, in ba haka ba man ya bushe ya farfashe, kuma kafin ƙarfen nan da wuƙa ko da kwabo ake fama. Ina girmama duk wanda zai zauna ya ɓata dare a kan yadda za a buɗe gwangwanin kwabo ba a karya farce ba.

Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne yadda suka riƙe ma'aikata. A 1918 masana'antar ta koma aikin kwana biyar a mako, shekara takwas kafin Henry Ford ya yi haka a Amurka duniya ta ɗauka shi ya fara. A 1923 aka kafa musu fansho. Dan Mason ya sa kuɗinsa a asibitin unguwar. A wajen 1930 kamfanin ya gina wa ma'aikata gidaje 50, aka jera itatuwan ceri a bakin titunan wurin. Ba na cewa waliyyai ne. Attajiran Ingila na lokacin sun ga yajin aiki, sun ga juyin juya halin da ya faru a Rasha a 1917, sun gane ma'aikacin da ke da gida da fansho ba ya saurin ɗaukar tuta. Amma ko da wayo ne, wayo ne da ya bar wa mutane rufin kwana. Duk daga ribar abin da ake saye da kwabo.

Daga nan labarin ya zama irin wanda aka saba. Tun 1913 kamfanin Reckitt na birnin Hull ya shigo a matsayin abokin tarayya, Reckitt ɗin nan dai mai bular wanki, wanda daga baya ya fito da Dettol. A 1929 aka haɗe da abokin gaba, kamfanin man takalmi na Nugget. A 1954 Reckitt & Colman ya haɗiye duka. A 1972 aka rufe masana'antar Chiswick aka kwashe aikin zuwa Hull. A 1994 wani kamfani mai suna Grangers ya sayi sunan a Ingila, yanzu a Alfreton ta yankin Derbyshire ake cika gwangwanayen, alhali a Indiya sunan yana hannun Reckitt. Idan ka karanta a jikin gwangwani cewa tun 1906 ake yi, gaskiya ne, amma suna ne ya yi wannan doguwar tafiya, yana sauya ubangida kamar dokin haya. Mutanen da suka yi shi an sauke su tun a hanya.

Yanzu bari in ba matasan nan haƙƙinsu, don maganarsu ba ta rasa tushe ba. Ƙyallin takalmi ya yi aiki a matsayin bulala. Soja yakan kwana yana murza tsinin but da tsumma da ɗigon ruwa ko miyau har sai ya ga fuskarsa a ciki, ba don takalmin na bukata ba, sai don a koya masa cewa lokacinsa ba nasa ba ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ma ya buɗe wa masu man takalmi babbar kasuwa, musamman Kiwi da ya bi sojojin Ostireliya zuwa Turai. A ƙasashen da Ingila ta mulka kuwa abin ya fi ɗaci. Shekarar da Cherry Blossom ya fito, 1906, ita ce shekarar da Turawa suka murƙushe tawayen Satiru kusa da Sakkwato. Hafsan Bature yana tsaye cikin but mai walƙiya wanda boyinsa ya tashi da asuba ya goge, sojojin baƙar fata da ke bayansa kuwa shekaru da yawa ba takalmi suke fareti. Ni kaina na sha dorina a makarantar kwana ranar duba tsafta saboda sandal ɗina bai yi sheƙi ba, alhali man nawa wani babban ɗalibi ne ya ƙwace. Wanda ya ce ba ya kewar wannan duniya, ba zan yi masa musu ba.

Sai dai a duba abin da ya maye gurbinta. Takalmin da Cherry Blossom ya zo ya tarar, irin wanda garin Northampton ya shahara da yi, ɗinka shi ake yi. Akwai wata tsiririyar fata da ke zagaye gefensa, a jikinta ake ɗinke sama da ƙasa. In ƙasan ya cinye sai mai gyara ya farke ɗinkin ya sa sabo, saman yana nan. Muddin ana ba saman mai, takalmi ɗaya zai iya cin ƙasa uku ko huɗu. Yawancin na yau kuwa roba ce da soso da yadin leda, an manne da gam ko an narka an zuba a ma'auni. Ba a yi shi don a buɗe ba. Har wanda ake sayarwa da sunan fata, sau da yawa yadi ne aka shafa wa leda a fuska. Duniya tana ƙera takalmi sama da ƙafa biliyan 20 a shekara, fiye da rabi a Sin. Ba a yin wannan adadi don mutanen da ke gyara abin da suke da shi. To yaya za a zargi saurayi da lalaci don bai goge abin da ba ya shan mai ba?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne. Sau-ciki ɗaya na san shi da shi tun ina ƙarami har na gama sakandare, baƙi, mai igiya. Ranar Lahadi bayan la'asar zai shimfiɗa tsohuwar jarida a zaure, ya zare igiyoyin, ya kakkaɓe ƙura, ya shafa mai da ɗan tsumma a yatsa, ya ajiye su su sha iska yana sauraron rediyo, sannan ya ɗauki burushi. In gwangwanin ya kusa ƙarewa sai ya tara busassun gutsattsarin ya ɗora a kan murfin fitila su narke su haɗe. In ya ƙare ƙaf, innarmu ta karɓe ta zuba allura da maɓallai, ko mu sace murfin mu yi wa motar kara taya. Sau biyu na raka takalmin nan wajen baduku a bakin kasuwa aka sauya masa ƙasa. Ni kuma bara waccan na sayi wani mai kyan gani a wani babban kanti, da kuɗin da na ji a jikina. Wata bakwai ya fara saɓulewa kamar maciji, fuskar tana ɓarewa tana barin farin yadi. Na lissafa abin da na kashe a takalma cikin shekara goma, na tuna na Malam guda ɗaya, na ji kunya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wannan ma ba arahar ba ce, tsada ce da ake biya kaɗan-kaɗan har abada.

Mai kuɗi bai rasa komai ba a wannan canji. Har gobe Northampton tana ɗinka takalmi, wanda ke da fam ɗaruruwa zai saya, ya mayar masana'anta a sauya masa ƙasa, ya sayi mai na Faransa mai tsada ya goge ranar hutu don nishaɗi. Abin da a 1906 aka sauko da shi ya zama na kowa a kan kwabo, yanzu ya sake hawa sama ya zama abin sha'awar masu hali. Talaka ne aka bari da abin da zai saya ya yar, ya sake saye. Wannan shi ake kira masa 'yanci.

Shi ya sa na ga hikimar abin da Faransa ta fara a ƙarshen 2023. In ka kai takalmi ko tufafi wajen mai gyaran da aka yi wa rajista, ana rage maka wani abu daga kuɗin aikin, misali yuro 7 a sauya dunduniya, kuma kuɗin daga asusun da kamfanonin tufafi da takalma ke zubawa yake fitowa. Ba wa'azi aka yi wa mutane ba, ba a ce musu malalata ba. An dai gane cewa in gyara ya fi sabo tsada ba wanda zai gyara, kuma wanda ya cika kasuwa da abin yarwa shi ya kamata ya ɗauki wani ɓangare na nauyin. Da Ingila, ƙasar Cherry Blossom da Northampton, za ta yi irin haka, da ya fi mata amfani da rubuce-rubucen kewar da aka cika jaridu da su lokacin da Kiwi ya tafi. Ragin kuɗi kaɗai ba zai isa ba, don ba a gyara abin da aka ƙera don kada ya gyaru, amma aƙalla ya nuna inda laifin yake.

Mu kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kambas ɗin da Bature ya gaji da shi nan yake ƙarewa cikin dilar gwanjo, sabon na roba kuma yana shigowa kwantena-kwantena. Fatar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da wadda ake jemewa a Kano, jirgi take hawa zuwa Italiya da Sifen, ta shanu kuma mu babbake mu ci ganda. Dubban samari daga ƙauyukan Arewa da Nijar da ke ci-rani a Legas da Abuja da Fatakwal da akwatin shushaina, jarinsu duka bai wuce burushi biyu da gwangwani uku da basilla da zare da gam ba. Sana'a ce da yaro zai fara ba tare da ya roƙi kowa ba, irin wadda Lula na Brazil ya yi yana ƙarami kafin ya zama shugaban ƙasa. Amma tana tsaye ne a kan abu ɗaya: a sami takalmin fata a ƙafar mutane.

Akwai wani da ke bi ta layinmu da hantsi, yana buga burushi a jikin akwati. Shi na miƙa wa takalmin nan nawa mai saɓa. Ya juya shi, ya kankara da farce, ya shinshina cikinsa.

"Baba, wannan ai ba fata ba ce. Ko na shafa ba zai sha ba, asarar mai ne kawai."

Na ce to ya kasuwa? Ya buɗe akwatin ya nuna mini. Gwangwani biyu ne, baƙi da ja, jan har ya tsattsage don daɗewa ba a taɓa shi ba. Sauran wurin ƙullin omo ne da soso da tsohon burushin haƙori da 'yar jarkar ruwa.

"Yanzu wanki ya fi yawa. Kambas da silifas. In na samu sau-ciki biyar a yini, to ranar Litinin ce."

Ya ce in ba shi ɗari biyu ya manne mini inda ya ɓare, amma kada in shiga ruwa da shi. Na ba shi. Ya zauna a kan akwatin, ya matsa gam a yatsa.